Na ga rediyon da nake buri a kan rabin kuɗi, amma gida ya ƙi amincewa

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin kimiyya ne a wata makarantar sakandare a cikin birnin Kano, ina da mata da yara uku, muna zaune a gidan haya. Tun ina yaro nake son rediyo, domin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ba ya rabuwa da akwatinsa na gajeren zango. Da na girma sai na gano akwai masu wata na'ura da suke magana da juna daga ƙasa zuwa ƙasa, ba layin waya ba data, don sha'awa kawai. Tun lokacin abin yake raina. Kwanan nan na ga wani ya tallata akwatin irin wannan na'ura, Icom IC-7300, na hannu a intanet. Ya ce yana Ingila, na mahaifinsa ne da ya rasu, zai bar min a dala 450 har da kuɗin aikowa, alhali sabo yana wajen dala 1,000. Ya ce in tura masa kuɗin kai tsaye cikin kwana uku don akwai wani mai so. Kuɗin da ke hannuna na adashi ne, kuma mun yi da maiɗakina da su za a cika kuɗin haya. Ta ce in na taɓa su don wannan wasan yara ba za ta yafe ba. Yayana ya ce ina neman jawo wa dangi fitina, za a ce ina yi wa masu garkuwa da mutane aiki. Wani abokina kuwa ya ce in saya kawai, ba wanda zai tambaye ni lasisi, ko in fara da ƙaramar oba-oba ta Baofeng. Ba ni da lasisi tukuna. Ina tsoron damar ta wuce ni. Me zan yi?

Malam S., Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake murɗa akwati da asuba ana laluben London ko Jamus a mita 19 da mita 25 ba zai yi mamakin abin da ke ranka ba. Mu tsofaffin masu sauraron gajeren zango ne, Sashen Hausa na BBC kaɗai tun 1957 yake magana da mu. Kai dai ka ƙara taku ɗaya ne, kana son kai ma a ji ka. Rediyon 'yan sha'awa abu ne da duniya ta sani, da dokokinsa da zangunan da aka keɓe masa, kuma ga malamin kimiyya irinka ya wuce a kira shi wasa. Ba zan ce ka haƙura da shi ba. Wannan cinikin dai nake so ka haƙura da shi, kuma tun yau.

Dubi yadda mutumin ya jera maka maganarsa. Farashi ƙasa da rabi, labarin mutuwa mai sa tausayi, wa'adin kwana uku, wani mai saye da ba ka gani ba yana jira a gefe, sannan kuɗi kai tsaye. Kowanne shi kaɗai yana iya zama gaskiya, amma in suka taru a bakin mutum ɗaya, salon 'yan damfara ke nan da masu wannan harka suka daɗe suna yi wa juna kashedi a kai. IC-7300 ba kayan da ke kwantai ba ne. Tun fitowarsa a 2016 yana cikin akwatunan da aka fi nema. Wanda yake riƙe da shi a Ingila, a can zai sayar da shi a kan kuɗin da ya fi wannan, ba tare da wahalar ɗaure kaya zuwa Kano ba. Me ya sa ya tsallake mutanen ƙasarsa ya zo gare ka? Kuma me ya kai mutumin Ingila ciniki da dala, ga fam a aljihunsa?

Kada lambar kira, wato lambar shaidar da ake ba kowane mai lasisi, ta ruɗe ka in ya ba ka ita. Ɓarayin kan ɗauki hoton akwatin wani, su ari lambar wani mai lasisi na gaskiya, kai kuwa ka je QRZ.com, shafin da ake duba masu lambobin kira, ka ga suna da gari sun dace, ka saki jiki. In kana son hankalinka ya kwanta cewa ba ka zalunci bawan Allah da zato ba, ce masa ya kira ka ta bidiyo. Ya kunna akwatin a gabanka, ya murɗa zuwa zangon da kai ka faɗa a take, ya juya bayansa ka karanta lambar da ke jiki, ya ajiye takarda a gefe mai ɗauke da sunanka da kwanan watan ranar. Mai gaskiya minti biyar ya ishe shi. Ɗaya kuwa zai ce kyamararsa ta lalace, ko an riga an naɗe kayan a kwali. Sannan ka sani cewa kuɗin da ka tura ta banki zuwa asusun mutum, ko ta kirifto, ko ta sashen PayPal na 'yan'uwa da abokai, kyauta ka yi, babu ƙofar da za ka ƙwanƙwasa a dawo maka da su. Kariya tana wurin da kuɗin ya bi ta hannun shafin kasuwar, irin su eBay da ke ba mai saye kwana 30 ya kai ƙara in kaya bai zo ba ko ya zo ba yadda aka siffanta shi ba. Ita ma kariyar tana da iyaka: in ka sa an kai kayan wurin kamfanin dako a can, su kuma su turo maka, abin da ya same shi bayan ya shiga hannunsu ba ruwan shafin.

To mu ɗauka mutumin mai gaskiya ne. Har yanzu cinikin biri a sama kake yi. Irin wannan akwati yana iya kunnuwa tas, allonsa ya yi kyau, ya riƙa kama tashoshi raɗau, amma in ka danna makirfo ba abin da zai fita. Sashen da ke ƙara wa murya ƙarfi kafin ta hau eriya shi ne ke ƙonewa in an yi aiki da eriyar da ba ta daidaita ba ko tsawa ta taɓa shi, kuma hoto ba ya nuna wannan. Ɗan da ya gaji akwatin ubansa bai ma san yadda zai gwada ba. Akwai kuma tarkon harafi ɗaya. Waɗanda ake ƙerawa don kasuwar cikin Japan suna zuwa da ƙarin harafi a ƙarshen suna: IC-7300 wat 100 ne, IC-7300M wat 50, IC-7300S kuwa wat 10 kacal, alhali a ido kusan duk ɗaya suke. Wutar Japan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu 230, don haka in mai sayarwa ya haɗo maka da akwatin wuta, sai an karanta bayansa kafin a soka shi a bango. In ya lalace fa? Masu gyaranmu na Sabon Gari da Farm Centre gwanaye ne a kan waya da talabijin, wannan ba na musu, amma kayan gyaran wannan ba a kan kanta suke ba, sai an yi odarsu. Garanti kuwa yawanci a yankin da aka sayar yake aiki, kuma mayar da akwati mai nauyin kilo 4.2 zuwa Turai daga aljihunka ne.

Maganar Yayanka ita ce ta fi nauyi a wasiƙar, ko da da faɗa ya faɗe ta. Ya san ƙasar da muke ciki. A lokacin da ake kama miyagu da oba-oba a dazuzzuka, jami'in da ya ga na'urar aika saƙo a hannun mutum ba shi da lokacin sauraron tarihin rediyon 'yan sha'awa. Takarda zai nema. Tun daga bakin shigowa ma abin yake farawa. Akwai kayan da kwastam ba sa saki sai da takardar shaidar wanda zai yi amfani da su, wadda ake kira EUC, daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Harkokin Tsaro, kuma an sha riƙe oba-oba a filin jirgi saboda rashinta. Hukumar NCC ma tana da tsarin tantance na'urorin sadarwa da ake shigowa da su. Ka tuna kuma abin da ya faru a Lebanon a watan Satumba na 2024, lokacin da wasu oba-oba masu ɗauke da sunan Icom IC-V82 suka fashe, kamfanin ya fito ya ce shi tun 2014 ya daina ƙera wannan samfuri. Wannan ya ƙara wa jami'an tsaro a ko'ina sa ido, ya kuma nuna maka yadda jabu ke yawo da sunan manyan kamfanoni. Saboda haka kada ka roƙi wani ɗan'uwa mai dawowa daga Dubai ko Guangzhou ya cuso maka shi a jaka ba takarda. Shi za a tsare a filin jirgin Malam Aminu Kano, kai kana gida.

Inda Yaya ya yi nisa shi ne da ya ɗauka abin gaba ɗaya haramtacce ne. Halal ne a doka in akwai lasisi. Dokar Wireless Telegraphy ta 1961 ta hana kafawa ko amfani da na'urar aika saƙo ta iska ba tare da izini ba, kuma lasisin 'yan sha'awa yana hannun Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya a Abuja. In an ba ka, za ka samu lambar kira mai farawa da 5N, alamar Najeriya ke nan a iska. Akwai kuma ƙungiyar masu wannan sha'awa ta ƙasa, NARS. Rubuta musu, ka rubuta wa ma'aikatar, ka tambayi sharuɗɗa da kuɗin da ake biya yanzu, ka kuma tambaya a fili wace takarda ake buƙata kafin a shigo da akwati irin wannan. Amsar da suka ba ka a rubuce ka adana ta.

Abokinka da ya ce ba wanda zai tambaye ka lasisi bai san harkar ba. Tun kafin hukuma, su masu rediyon ne za su tambaye ka. Kalmar farko da ake faɗa a iska lambar kira ce, kuma mai lasisi a Italiya ko Brazil ba zai yi hira da wanda ba shi da ita ba, domin shi ma dokar ƙasarsa ta hana shi. Ka ga kenan ko akwatin ya iso lafiya, kallonsa kawai za ka yi. Lasisin kuma yana zuwa da iyakoki da ya kamata ka sani tun yanzu: ba a ciniki a kai, ba a sa kiɗa, ba a buɗe tashar wa'azi ko siyasa, ba a magana da zaurance don ɓoye ma'ana. Har zangon ma ba ɗaya ba ne a ko'ina. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya shiyya uku, mu muna ta ɗaya tare da Turai, Amurka tana ta biyu. A zangon mita 40, mu iyakarmu daga kilohaz 7,000 zuwa 7,200, su kuwa har 7,300. Akwatin da aka yi don Amurka zai bar ka ka yi magana a 7,255 ba tare da ya hana ka ba, alhali nan Muryar Najeriya ta daɗe tana watsa shirye-shiryenta.

Ita kuwa Baofeng, araha gare ta, amma ba za ta ba ka abin da kake nema ba. Wat 5 ce ko kusa da haka, a zangunan da muryar ba ta wuce inda ido ke hangowa. A cikin lungunan birni kilomita kaɗan za ta yi, in ka hau Dala ko Goron Dutse ta ɗan ƙara. Ba za ta kai ka Masar ba, ko Zariya ma ba za ta kai ba. Ga shi kuma a buɗe take, tana iya shiga zangunan da ba na 'yan sha'awa ba, ka taka na jami'an tsaro ba ka sani ba. Kuma ita ce ainihin irin wadda in aka gan ta a aljihunka a shingen bincike za a ce ka sauko daga mota.

Yanzu maiɗakinka. Kalmar wasan yara ta yi maka zafi, na gane, kuma ba ta dace ba. Amma a kan kuɗin ita ce da gaskiya. Kun yi magana, kun ajiye su don haya, alkawari ne. Ranar da mai gida ya aiko, ita ce za ta fara jin sallamar ɗan aike kana makaranta. Kuma da za ta ga cikakken lissafin da ta fi haka tayar da hankali, domin dala 450 kuɗin akwati ne tsirara. IC-7300 ba ya shiga soket kai tsaye. Yana son wuta bolt 13.8, kuma lokacin magana yana jan har amfiya 21, wato sai ka sayi akwatin wuta mai ƙarfi ko ka keɓe masa batir babba. Wayar da ke zuwa eriya mai om 50 ce, ba irin ta dish ɗin talabijin mai om 75 da ke ko'ina a kasuwa ba. Akwai sandar tagulla da za a kafa a ƙasa, akwai kuɗin fito da ake lissafawa a kan kuɗin kaya haɗe da na dako, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, da ladan wanda zai fito maka da kayan, da abin da canji zai yi tsakanin ranar da ka biya da ranar da kaya ya sauka. Eriya ce kawai mai sauƙi: ta zangon mita 20 wayar tagulla ce mai tsawon kimanin mita 10 a raba biyu, da hannunka za ka yi ta. To amma gidan haya kake. Ka taɓa tambayar mai gidan ko zai yarda a ja waya daga soro zuwa katanga?

Ka zauna da ita bayan yara sun yi barci, ka ce mata kuɗin haya suna nan ba ka taɓa ba, ba kuma za ka taɓa ba. Wannan jimlar ta fara fita kafin komai. Bayan nan sai ka gaya mata abin da wannan sha'awa take a wurinka da alaƙarta da Baba, don mai yiwuwa ba ta taɓa jin wannan ɓangaren ba, rigimar kuɗi kawai ta gani. Ku yarda a kan asusu daban da za ka riƙa zuba abin da ya fito daga darasin yamma ko wani aikin gefe, da sharaɗin ba ya taɓa cefane, haya, ko kuɗin makaranta. In ita ma tana da wani buri da ta daɗe tana dannewa, keken ɗinki ne ko jari, ka tambaye ta, kada asusun buri ya zama naka kai kaɗai.

Kafin asusun ya cika akwai aikin da ba ya cin kuɗi, kuma shi ne zai gaya maka ko gidanka ma zai karɓi wannan rediyo. Saurare ba ya buƙatar ka aika komai. Jami'ar Twente da ke Holan tana da na'urar karɓa da ta buɗe wa kowa a intanet, da wayarka za ka shiga, ka je wajen kilohaz 14,200 da yamma ka ji yadda ake kira, yadda ake amsawa, yadda ake jero haruffa da Alfa, Bravo, Charlie. Bayan haka ka nemi ƙaramin akwatin gajeren zango mai maɓallin SSB, wato salon aika murya da 'yan sha'awa ke amfani da shi, irin su Tecsun PL-330, domin akwatin Baba na gargajiya ba zai fassara muryoyinsu ba, gunguni kawai za ka ji. Ka fita tsakar gida da shi da daddare, ka ja eriyarsa, ka saurari shuuu ɗin da ke ƙasa. Sai ka sa yaro ya kashe inbata, ya zare cajojin waya, ya kashe ƙwayayen nan masu farin haske ɗaya bayan ɗaya. Za ka ji ƙarar tana sauka mataki-mataki. Abin da ya rage bayan ka kashe naka duka na maƙwabta ne, solarsu da janaretonsu, kuma wannan ba ka da iko da shi. A unguwa mai cunkoso wannan ƙara tana iya binne duk wata murya daga nesa, akwatin dala dubu ma bai tsira ba. Gara ka gano haka da ƙaramin akwati.

In lasisi ya fito, gidan kuma ya nuna zai yi, to ka fara neman na hannu a cikin gida ta hanyar 'yan ƙungiyar, wanda za ka je ka zauna a gabansa a gwada, ka ga allura ta nuna wat nawa ke fita. Ya riga ya shigo ƙasa, ga kuma mutumin da za ka koma wa da tambaya. In bai samu ba, ka sayi sabo daga dillalin da kamfanin ya amince da shi, samfurin da aka yi don shiyyarmu, ka biya da kati, a rubuta ainihin sunan kayan da kuɗinsa a rasit. Kada ka yarda a rubuta kyauta ko kayan wasa don a rage fito, wannan dabara ita ke mayar da ƙaramar magana babba in aka buɗe kwali. Kuma ba dole sai IC-7300 ba. Xiegu G90 wat 20 ne, yana da na'urar daidaita eriya a cikinsa, kuɗinsa bai kai na wancan ba ko kusa, kuma ƙaramin batir mai caji da sola ya ishe shi, abin da ya fi dacewa da yanayin wutarmu. Da eriya mai kyau a lokacin da iska ta buɗe, wat 20 yana tsallaka Sahara.

Kafin ka ɗaga waya sama, ɗauki Yaya ku je wurin mai unguwa tare da kwafin lasisin, ku kuma leƙa ofishin 'yan sanda na yankinku ku nuna. Tafiyar da shi za ta sa ya ji an girmama shi, kuma duk maƙwabcin da ya ga waya a saman soro ya fara ƙus-ƙus, akwai wanda zai ba shi amsa. Ka ajiye wani kwafin a jikin bango kusa da akwatin. Zafin Afrilu yana son a bar wa na'urar sarari ta sha iska, ƙurar hunturu tana son a rufe ta da mayafi in ba a aiki, da damina kuwa da zarar hadari ya haɗo ka zare wayar eriya gaba ɗaya ka fitar da bakinta daga ɗaki.

Ranar da kwalin ya iso, ka sa wani ya ɗauki bidiyo tun kafin ka yanka salatif, a ga takardar da ke jiki, a ga lambar akwatin ta dace da ta rasit. Ka gwada shi a makon nan, karɓa da aikawa a kowane zango, kada ka ajiye sai hutu, domin kwanakin kai ƙara suna tafiya ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Shi kuwa mutumin Ingila, ka aika masa buƙatar bidiyon nan yau, ka rubuto min abin da ya ce. Allah ya yi jagora, a gaida iyali.